Ɓoye eriyar rediyo a manyan babura: Kwalliya ta samu, amma tashoshi nawa ake rasawa?

A watan Agustan kowace shekara, ƙaramin garin Sturgis da ke jihar South Dakota ta Amurka kan cika maƙil da babura. Tun 1938 ake yin wannan taro, kuma da yawa daga cikin mahalartansa sai sun shafe kwana biyu ko uku a kan hanya kafin su isa.

Baburan da suke hawa ba irin na acaɓa ba ne. Manya ne da aka ƙera domin doguwar tafiya, irin su Electra Glide da Street Glide da Road Glide na kamfanin Harley-Davidson, da Gold Wing na Honda, da Roadmaster na kamfanin Indian. Nauyin wasunsu ya kai kilo 400. Suna da garkuwar gaba mai tare iska, da akwatunan kaya a gefe da baya, da rediyo da sifikoki kamar na mota.

Akwai wani ɗan abu a jikin waɗannan babura da masu su suka daɗe suna gardama a kai, wato siririyar sandar nan ta eriya da ke tsaye a baya tana rangaji. Mutane da yawa ba sa son ganinta. Wasu na cewa tana ɓata ƙirar babur ɗin da suka kashe wa maƙudan kuɗi, wasu kuma ƙorafinsu shi ne tana huda rigar da ake lulluɓe babur da ita, ko ta maƙale wa fasinja a ƙafa lokacin hawa, ko ta lanƙwashe idan aka ɗora babur a tirela.

Wannan ne ya haifar da kasuwar eriyoyin musanya. Akwai gajeru na roba da tsawonsu bai wuce taƙi ɗaya ba, akwai waɗanda aka ƙera da siffar harsashi, sannan akwai waɗanda ake liƙawa a cikin garkuwar gaba, ba a ganinsu kwata-kwata. Shi kansa kamfanin Harley yana sayar da irin wannan ɓoyayyiyar eriya a cikin kayan ƙari.

Abin da ba kasafai ake rubutawa a jikin kwalin ba shi ne, tsawon tsohuwar sandar ba ganganci ba ne.

Me ya sa sandar take da tsawo?

Duk wanda ya taɓa zaro eriyar ƙaramar rediyo yana jujjuya ta don ya kama labaran safe, ya san cewa idan aka mayar da ita ciki murya kan dushe. Haka kuma mai sauraren FM a wayar salula ya san ba ta kamawa sai an sa iyafis, domin igiyar iyafis ɗin ce ke yin aikin eriya.

Dalili shi ne kowane saƙon rediyo yana da nasa tsawon zangon. Tashoshin FM suna tsakanin megahaz 88 zuwa 108 ne, kuma a tsakiyar wannan fage tsawon zango ɗaya ya kai kusan mita uku. Sandar eriya ta fi kama saƙo idan tsawonta ya yi daidai da kashi ɗaya cikin huɗu na zangon, wato kimanin santimita 75. Wannan ne ya sa tsofaffin eriyoyin motoci da na babura duk suke kusan tsawo ɗaya, ko wane kamfani ne ya ƙera su.

Sandar kuma rabin eriya ce kawai. Ɗaya rabin shi ne ƙarfen da aka dasa ta a kai. A mota wannan ba matsala ba ce, tunda rufi da jiki duk faffaɗan ƙarfe ne. Babur kuwa ba shi da wannan gatan. Akwatunansa da garkuwarsa roba ce, ƙarfen da yake da shi bai wuce firam da inji da tanki ba. Shi ya sa idan aka dasa eriya a kan akwatin baya sai an haɗa gindinta da ƙarfen babur ɗin. Tun daga farko, ke nan, rediyon babur ya fi na mota wahalar kama tasha, kuma duk abin da aka rage masa yana jin jiki.

Gajerar eriya

Gajeru masu inganci ba guntuwar sanda ba ce kawai. A cikin robar akwai waya da aka nannaɗe kamar sifirin, ta yadda lissafin lantarkinta zai yi kusa da na doguwar. Dabarar tana aiki, amma ba ta mayar da abin da aka rasa duka, saboda yawan saƙon da eriya ke tsinta a iska ya danganta ne da tsayinta na zahiri. Nannaɗe waya ba ya ƙara mata tsayi.

Masu siffar harsashi da sauran na ƙawa, da yawansu dunƙulen ƙarfe ne kawai da aka yi wa zare a gindi. A cikin gari, kusa da turakun manyan tashoshi, za su kama, kamar yadda ƙusa ma za ta kama. Da an fita bayan gari sai labari ya sauya.

Sai dai gajerar eriya na da wata fa'ida guda da ta fi kowace: ana kwance ta da hannu a mayar da doguwar cikin minti ɗaya. Za mu dawo kan wannan.

Ɓoyayyiya: busta ba ta ƙirƙirar sigina

Ɓoyayyiyar eriya yawanci siririn tsiri ne ko waya mai hannu biyu, da ake liƙawa a bangon ciki na garkuwar gaba, haɗe da ɗan ƙaramin akwati mai ƙara ƙarfin sigina, wanda masu gyara ke kira busta. Bustar na buƙatar wutar bolt 12 daga babur. Robar garkuwar ba ta hana saƙon rediyo wucewa, don haka a takarda komai daidai ne.

Matsalar ita ce maƙwabtan da eriyar ke tararwa a can ciki. Cikin garkuwa wuri ne mai cunkoso: ga akwatin rediyon kansa, ga ƙarafan da suka riƙe shi, ga damin wayoyi, ga fitilar gaba, ga cajar waya, wani lokaci har da amfilifayar sifika da mai babur ya ƙara. Ƙarafan suna tare wani ɓangare na saƙon, kayan lantarkin kuma suna fitar da nasu hayaniyar. Fitilun LED masu araha da cajojin USB sun yi ƙaurin suna a wannan fanni, domin na'urar da ke daidaita musu wuta tana kunnawa tana kashewa sau dubbai a daƙiƙa ɗaya, kuma rediyo na jin wannan a matsayin shuuu.

Ita busta ba ta san bambancin muryar mai gabatar da shiri da hayaniyar fitila ba. Abin da ya shigo shi take ɗagawa. Kamar a ajiye makirfon kusa da janareta ne a wurin taro. Ƙara murya ba zai sa a ji mai jawabi da kyau ba, sai dai a ji shi da janaretan duka da ƙarfi. Abin da busta ke iya yi shi ne ta cike gurbin abin da ke salwanta a cikin kebul, ta kuma daidaita ƙaramar eriya da rediyo. Wannan ba ƙaramin aiki ba ne, amma ba ya kai ga kama tashar da eriyar ba ta tsinta ba tun farko.

Akwai kuma akasin haka. Idan aka bi ta kusa da turken wata babbar tasha, busta mara inganci kan cika ta batse, sai a riƙa jin tasha ɗaya a wurare daban-daban, ko ta danne maƙwabtanta.

Ga kuma batun tsayi daga ƙasa. Saƙon FM kusan a miƙe yake tafiya, tudu da gini na tare shi. Ƙolin doguwar sanda yana sama a sarari, ɓoyayyiyar kuwa tana ƙasa, inji na ƙarƙashinta, jikin matuƙi na bayanta. A baburan da garkuwarsu ke maƙale da kan babur, kamar Street Glide da Electra Glide, eriyar ma tana juyawa tare da sitiyari. A Road Glide garkuwar a jikin firam take, ba ta juyawa.

A aikace, ga yadda abin ke kasancewa: a cikin birni da kewaye da wuya a ji wani bambanci. Yayin da ake nisa da gari, sautin sitiriyo ne ke fara lalacewa, tunda ya fi buƙatar sigina mai ƙarfi, sai rediyon ya koma sauti ɗaya, sannan a fara jin tsinkewa, sannan tashar ta ɓace. Duk wannan yana faruwa da doguwar sanda ma. Bambancin shi ne da ɓoyayyiya yana faruwa da wuri.

Inda abin ya wuce nishaɗi

Da a ce kiɗa kawai ake rasawa, da maganar ba ta kai a tsaya a kai ba. Yawancin matuƙa a yau daga wayar salula suke sauraren abin da suke so, kuma tun 2018 Honda ta sa Apple CarPlay a Gold Wing.

Amma waɗannan babura an yi su ne don zuwa inda sabis ɗin waya ke yankewa. Wanda ya bi babbar hanya mai lamba 50 da ta ratsa jihar Nevada, wadda mujallar Life ta kira hanya mafi kaɗaici a Amurka a 1986, zai yi tafiyar fiye da kilomita 100 tsakanin wani gari da wani. A filayen tsakiyar ƙasar kuma, irin su Nebraska da Kansas da ita kanta South Dakota, lokacin zafi lokaci ne na hadari mai ƙanƙara da guguwa. Mai mota zai iya fakewa a cikin motarsa. Mai babur ba shi da rufi, abin da zai cece shi kawai shi ne ya san hadarin na zuwa tun yana da damar tsayawa a wani gari.

Saboda haka ne rediyon yawancin waɗannan babura a Amurka yake da wani sashe na musamman na hasashen yanayi. Hukumar kula da yanayi ta ƙasar, NOAA, tana da turaku fiye da 1,000 da ke watsa bayani dare da rana a kan mitoci bakwai, daga megahaz 162.400 zuwa 162.550. Sai dai waɗannan turaku ba su da ƙarfi. Mafi ƙarfinsu wat 1,000 ne, alhali babbar tashar FM ta kasuwanci na iya kai wa wat 100,000, kuma nisan da ake sa ran kama su bai wuce kilomita 65 ba. Idan eriya ta raunana, irin waɗannan ne ke fara ɓacewa, tashar kiɗa kuma tana nan daram, har mai babur ya ɗauka komai lafiya.

Haka abin yake ga AM, wato matsakaicin zango. A kilohaz 1,000 tsawon zango ɗaya mita 300 ne, don haka ko doguwar sandar ma ƙanƙanuwa ce sosai a wurinsa, kowane santimita na da daraja. Ga shi kuma AM ya fi FM saurin kwasar hayaniyar lantarki, wanda ke nufin cikin garkuwa shi ne wuri mafi muni gare shi. Amma AM ne ke zuwa nesa. Da dare, tashoshi masu wat 50,000 irin su KOA ta Denver da KSL ta Salt Lake City da WSM ta Nashville ana jin su a jihohi da dama. Ƙananan tashoshin da ke sanar da matafiya halin da hanya ke ciki, waɗanda ake ganin allunansu a gefen titi da ƙofar gandun daji, su ma a AM suke, sau da yawa a kan 530 ko 1610, kuma ƙarfinsu wat 10 ne kacal.

Amurkawa ba su ɗauki wannan da wasa ba. A 2023 kamfanin Ford ya ce zai daina sa AM a sababbin motocinsa, amma matsin lambar 'yan majalisa da masu harkar agajin gaggawa ya sa ya janye a watan Mayun shekarar.

Kuskuren da ke ƙona na'ura

Wasu manyan baburan suna da sanda biyu a baya, kuma sun yi kama da juna. Ɗaya ta rediyo ce, ɗayar kuma ta CB, wato rediyon oba-oba da direbobin manyan motoci da ayarin masu babura ke magana da juna da shi. CB na aiki ne a kusa da megahaz 27, yana da tashoshi 40, kuma ba saurare kawai yake yi ba, yana aika saƙo.

Nan ne bambancin yake. Eriyar saurare idan ba ta dace ba, iyakaci a rasa tasha. Eriyar aikawa idan ba ta dace ba, wutar da ya kamata ta fita iska sai ta dawo cikin na'urar, kuma tana iya lalata ta. Don haka ba a sa gajerar eriyar FM a gurbin ta CB ko da zaren gindinsu ya zo ɗaya, kuma ba a danna maɓallin magana alhali an cire eriyar. Idan aka sauya ta CB, sai an auna ta da mitar da ake kira SWR an daidaita tsawonta. Zangon CB ya kai mita 11, wanda ya sa ɓoye irin wannan eriya ya fi na FM asara nesa ba kusa ba.

Eriyar tauraron ɗan'adam ta SiriusXM ita ce kaɗai ɓoyewa ba ta cutar da ita sosai. Tana aiki a megahaz 2,300 da ɗoriya, inda zango bai wuce santimita 13 ba, shi ya sa ƙanƙanuwa ce tun asali. Sharaɗinta ɗaya ne: kada ƙarfe ya shiga tsakaninta da sama.

Kafin a kwance garkuwa

Ba kowane rediyo mara kamawa ne ke buƙatar sabuwar eriya ba. Sau da yawa tsatsa ce a gindin sandar, ko haɗin da ke tsakaninta da firam ya saki, ko ruwa ya shiga soket. Goge gindin da ɗaure shi ba ya cin ko sisi, kuma ya kamata a fara da shi.

Wanda ya yanke shawarar sauyawa, zai fi masa ya yi awo tun tsohuwar na nan. Ya tsaya a wuri guda a bayan gari, ya sa rediyo ya nemo tashoshi da kansa, ya ƙirga nawa ya kama a FM da AM da sashen yanayi, ya kuma lura da mafi raunin cikinsu. Bayan an sa sabuwar ya koma daidai wurin ya maimaita: da inji a kashe, da inji a kunne, da fitila, da caja a jone. Idan tasha tana fita tas da inji a kashe amma ta lalace da aka kunna fitila, to ba laifin eriya ba ne, kuma matsar da ita ko sauya fitilar zai fi sayen wata amfani.

Wajen ɗaurawa, a shimfiɗa tsirin a miƙe a can saman garkuwa, nesa da ƙarfe da damin wayoyi, kada a naɗe shi. A goge wurin tsaf kafin a liƙa, a ƙara da abin ɗauri, domin zafi da girgiza na sakin gam. Wutar busta kuma a ɗauko ta daga layin da ke mutuwa idan aka kashe makulli, in ba haka ba za ta riƙa zuƙar batir a hankali yayin da babur ke ajiye. Sababbin babura wayoyinsu na ɗauke da saƙonnin kwamfuta, ba a yanka kowace waya a jona yadda aka ga dama. Bakin soket ɗin eriya ma ya bambanta daga shekara zuwa shekara, don haka a duba na rediyon kafin a biya kuɗi. Idan an sauya garkuwar da ta zaren kabon, ɓoyayyiyar eriya ba za ta yi aiki da kyau ba, domin kabon na tare saƙon kamar ƙarfe.

A ganina, wanda yawonsa bai wuce cikin gari da fita ta ƙarshen mako ba, ɓoyayyiya mai inganci ta ishe shi. Matafiyin gaske kuwa gajera ta fi masa, ba don ta fi kamawa ba, sai don ba ta rufe masa ƙofa: gindin da kebul ɗin suna nan, ranar tafiya ya kwance ta ya ɗaura doguwar. Mai ɓoyayyiya ya riga ya zare tsohon kebul daga bayan rediyo, kuma ba zai mayar da shi ba sai ya sake kwance garkuwa, aikin da babu mai son yi a gefen titi hadari na tasowa.

Idan babur ɗin ya ƙetaro teku

Irin waɗannan babura kan shigo Najeriya da Nijar da Ghana a matsayin na hannu daga Amurka, kuma a nan akwai wata matsala da ake ɗora wa eriya alhali ba ruwanta.

Rediyon da aka saita don kasuwar Amurka yana tsallake mitoci. A FM yana tsayawa ne kawai a kan lambobin da suka ƙare da mara, kamar 99.3 da 99.5 da 99.7. Zai kama Freedom Radio ta Kano a kan 99.5, amma tashar da ke kan lamba irin 96.2 ba zai zauna a kanta daidai ba. A AM kuma yana tafiya ne da goma-goma, alhali a Afirka da Turai tara-tara ake yi, don haka 594, inda aka san Rediyon Najeriya na Kaduna, ba ta cikin lissafinsa, sai dai ya tsaya a 590 ko 600 yana ƙugi. Babu eriyar da za ta gyara wannan, doguwa ko gajera. Gyaran yana cikin saitin yankin da ke cikin rediyon, kuma a wasu baburan sai da kwamfutar dila ake iya sauya shi.

Sashen hasashen yanayi da na SiriusXM kuwa shiru za su yi har abada, domin saƙonsu bai zuwa wannan nahiya. Abin da ya rage wa mai irin wannan babur a hanyar Kano zuwa Maiduguri ko Zinder zuwa Agadez shi ne FM da matsakaicin zango, kuma tazarar da ke tsakanin turaku a can ba ta gaza ta Nevada ba.